Ɗan Attajiri da Karatun Sha'anin Kuɗi a Jami'a

Akwai wata mas'ala da takan taso a gidajen attajiranmu kowace shekara, lokacin da yara suka gama sakandare aka zo zaɓen fannin da za su karanta a jami'a. Kuma abin mamaki, mutumin da ya yi furfura cikin juya dukiya, wanda bai san wata sana'a ba tun ƙuruciyarsa sai saye da sayarwa, shi ya fi kowa dagewa a kan ɗansa ya zama likita ko injiniya, idan kuwa yaron ya ambaci karatun sha'anin kuɗi a makarantar koyon kasuwanci, sai uban ya tsuke fuska ya ce ba zai kai ɗansa inda ake koyon cin kuɗin ruwa ba. A ganina wannan tsoro, ko da yake asalinsa taƙawa ce, an ajiye shi ba a muhallinsa ba, kuma ya jawo mana hasara mai yawa wadda ba mu taɓa zama mun yi hisabinta ba.

Abin da ake fara koya wa ɗalibi a wannan fanni shi ne rarrabe uwar kuɗi da riba, da sanin cewa nairar yau da nairar baɗi suna ne kawai ya haɗa su. A ɗauki ɗan kasuwa a Kantin Kwari wanda ya sari dila a kan naira dubu 100 a farkon 2024, ya karyar da ita a hankali har ƙarshen shekara, ya tara dubu 120, ya buɗe littafinsa mai bango ja ya rubuta ribar dubu 20, ya yi hamdala, har ya cire wani abu a aljihun tebur ya yi hidimar suna. Alhali kuwa a Disambar wannan shekara hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari, watau idan ya koma wurin sari, dilar da ya sani ba za ta ɗauku ba sai da kusan dubu 134. Jarinsa yake ci yana zaton riba ce, kuma ba zai farga ba sai ranar da ya ɗaga kai ya ga kantocin shagon sun yi fayau. Haka nan da a ce mutanenmu sun san lissafin ninkuwar kuɗi, da shirin zuba kuɗi na MMM bai kwashe musu dukiya ba kafin ya rufe a Disambar 2016, domin wanda ya yi maka alkawarin kashi 30 cikin ɗari kowane wata, cewa ya yi nairarka ɗaya za ta haura naira 23 a shekara guda, kuma babu tijarar halal ko ta haram da take haihuwa haka.

Amma hujjar iyaye ita ce kuɗin ruwa, saboda haka ya wajaba a tsaya a kanta. Fukaha'unmu na mazhabar Malikiyya ba su taɓa ɗaukar sanin haram daidai da aikata shi ba, bal ma sun wajabta wa mai shiga kasuwa ya san hukuncin abin da zai ƙulla kafin ya ƙulla shi. Shi ya sa almajirin da ya sauke babin ibada a Risala ko Muhtasar ba a sallamarsa sai ya ratsa babin ciniki, ya san garari, da salam, da ƙirali, da ijara, da sharuɗɗan tarayya. Waɗannan ƙa'idoji sun daɗe a kwance cikin littattafai ana karanta su a zaure, ba su zama banki ba sai da aka samu mutanen da suka haɗa su da lissafin zamani. Bankin Jaiz ya buɗe ƙofofinsa a Janairun 2012 a Abuja da Kaduna da Kano. A 2017 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, na naira biliyan 100, bisa tsarin ijara, aka zuba kuɗin a gyaran manyan hanyoyi. Wanda bai san yadda ake ƙiyasta darajar takardar bashin gwamnati mai ruwa ba, ta yaya zai tsara wadda ba ta da ruwa har masu jari su yarda su saya? Ga Jami'ar Bayero nan da cibiyarta ta nazarin banki da sha'anin kuɗi na Musulunci, ga kuma makarantar kasuwanci ta Dangote a cikinta, ga ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Lalle idan al'umma tana da dukiya, samun masu sanin sarrafa ta farali kifaya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne makomar gidajen arziki. Sau nawa muka ga attajiri ya cika gari da suna, motocinsa na sintiri tsakanin Kano da Legas, amma dukan lissafinsa yana cikin kansa, bashin da yake bi da wanda ake binsa babu mai sani sai shi da wani amintaccen yaronsa, kuɗin cefane da kuɗin sari duk aljihu ɗaya; ranar da ya cika, kafin a yi sadakar arba'in masu bin bashi sun yi layi, waɗanda ake bi sun ɓace, magada kuma, saboda babu wanda ya san yadda za a ƙayyade wa kowa rabonsa da hannun jari kamfani ya ci gaba da tafiya, sai su sayar da komai a raba tsaba. Gidan Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin 'yan kaɗan da suka tsallake wannan, kuma ba na zaton dace ne kawai, domin shi mutum ne da ya taso cikin fataucin goro zuwa Gwanja, amma bai ƙyamaci sabon tsari ba: masu tarihi sun ruwaito cewa da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin ya loda da azurfa ya kai ajiya. Aliko Dangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Ba ina wanke makarantun ba ne. Tsarin karatun daga Amurka aka kwaso shi, inda aka kafa makarantar Wharton tun 1881, kuma har yau misalan da ke cikin littattafan na kasuwar hannun jari ta Niyok ne. Sai ka ga ɗalibi ya fito da digiri yana zuba ƙa'idoji da Turanci, amma a zaunar da shi gaban dillalin hatsi a Dawanau ya kasa tsara masa lissafin la'ada da na buhunan da suka fita bashi. Takarda kuma ba ta sa amana. Manyan masu digiri ne suka riƙe bankin Lehman Brothers har ya durƙushe a Satumbar 2008, kuma a Agustan 2009, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba naira biliyan 420 don ceto kuɗin jama'a, waɗanda aka sauke ba jahilai ba ne.

Saboda haka abin da nake nema ga malaman waɗannan makarantu shi ne kada su yaye ɗalibi sai ya yi zango guda yana riƙe littafin wani shago a Kwari ko Singa, ya zauna da uwar adashi ya ga yadda ake zubi da kwasa ba shaida ba jingina amma kuɗi ba sa salwanta, ya kuma ɗauki babin mu'amala daga bakin malamin fiƙihu. Ga attajiri kuwa, cikin 'ya'yansa goma ya ware ko guda ɗaya, namiji ko mace, ya tura wannan fanni, kuma idan yaron ya dawo, ya daure ya buɗe masa littafin tun yana raye.