Cin Zalin Ma'aikaci Da Ciwon Da Yake Bari A Zuciya

Ya 'yan'uwa, akwai wani nau'in zalunci da ya yi katutu a ofisoshi da kamfanoni da makarantu, har da wasu cibiyoyin da aka kafa da sunan addini, amma da wuya mu ji an ambace shi a kan mumbari. Shi ne shugaba ko abokan aiki su sa mutum ɗaya a gaba: a ci masa mutunci a bainar jama'a, a daina amsa sallamarsa, a ɗora masa aikin mutum uku, ko a ƙwace aikin baki ɗaya a bar shi yana gadin tebur. Idan ya koka, sai a ce ai neman halal sai haƙuri.

Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Heinz Leymann, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Suwidin tun shekarun 1980, ya lissafa ɗabi'u 45 na irin wannan muzgunawa, kuma ya yi mata ma'auni: a riƙa yin ta aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata shida. A 1996, shi da abokiyar aikinsa sun wallafa cewa galibin waɗanda suka yi wa jinya suna ɗauke da alamu irin na wanda ya tsira daga mummunan haɗari: rashin barci, munanan mafarkai, firgita da ƙaramin motsi, da abin da ya faru ya riƙa dawo wa mutum kamar yanzu ake yi. A Faransa kuwa, kotu ta hukunta tsofaffin shugabannin kamfanin France Télécom a 2019 saboda muzguna wa ma'aikata, bayan da yawa daga cikinsu sun kashe kansu a 2008 da 2009, wal'iyazu billah.

To, ina matsayin ilimi a nan? Mu dai a ganinmu, digiri ba ya hana a zalunci mutum. Malamai da ma'aikatan jinya ma suna sha. Amma mai takarda ya san yadda ake rubuta koke, yana iya neman canjin wuri, kuma idan barci ya ƙaurace masa ya san akwai likitan da ake gani. Masinja da maigadi da direba fa? Su kwana da fargaba, su wayi gari su koma gaban mai cin zalinsu, domin babu wata ƙofa. Gudun baƙin ciki a wurinsu yana nufin yunwar iyali. Idan firgita ta yi tsanani, dangi su ce sammu ne, a kwashi ɗan abin da ya rage a kai wa boka. Ga cuta, ga talauci, ga taɓa aƙida. Abin takaici kuma, sau da yawa mai danniyar shi ne wanda ya fi kowa takardu a wurin.

Anas ɗan Malik (R.A.) ya yi wa Annabi (S.A.W.) hidima shekara goma bai taɓa jin kalmar gundura daga gare shi ba, kuma da Abu Zarr (R.A.) ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, Annabi (S.A.W.) ya nuna masa cewa wannan ragowar jahiliyya ce. Saboda haka wanda ya ga ana wulaƙanta na ƙasa ya kawar da kai don tsoron kujerarsa, kada ya kira shirunsa haƙuri.

Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana muzgunawa a wurin aiki, a 2022. Sai dai maigadin da bai yi karatu ba, wa zai karanta masa ita? Mu da Allah ya hore wa alƙalami, mu zauna da shi mu rubuta masa kokensa da rana da wata da shaidu, mu kai wa ƙungiyar ma'aikata. Idan kuma an kai ga ba ya barci, bayan addu'a mu raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko da 'yan unguwa za su yi tsegumi.