Wa ke biyan yatsun da injin niƙa ya ci?

Jama'ar Gema da Zangon Paraku da 'yan uwanmu na Jugu: Akwai wata magana da muka daɗe muna haɗiyewa, yau kuwa sai mun furta ta. Tuwon da muke ci da ƙuli-ƙulin da matanmu ke kai wa kasuwar Arzeke duk ta bakin inji suke bi, kuma injin nan yana cin naman 'ya'yanmu muna kallo.

Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Bel yana juyawa tsirara babu murfi. Masara ko gyaɗa ta toshe a maƙogwaron inji, maigida ya hana a kashe don kada a ɓata mai da lokaci, sai yaro ya cusa hannu ya tura. Wani kuma hannun rigarsa bel zai fizga. Kafin a ce kwabo, yatsu uku sun tafi. A ɗaure da tsumma, a ba uwarsa 'yan kuɗin magani, a ce mata ƙaddara ce.

Mun yarda da ƙaddara, amma ba mu yarda a mai da ita mayafin sakaci ba. Wanda ya cire murfin bel ya jefar, wanda ya sa ɗan shekara goma gaban injin markaɗe tun asuba har isha, shi ya zaɓi hakan da hankalinsa. Malamanmu na Malikiyya da muke karanta littattafansu a zaure sun ƙayyade cewa diyyar hannu ɗaya rabin diyyar rai ce, kowane yatsa kuma raƙuma goma. Addinin da ya yi wa yatsa wannan daraja, ta yaya za a fake da shi a sallami mai rauni da kuɗin cefanen mako?

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadago ta Benin ta 1998 ta ɗora wa mai aiki nauyin tsare lafiyar ma'aikacinsa, ta kuma hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da a matsayin mai koyon sana'a. Dokar 2003 ta sa asusun CNSS ya ɗauki jinyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, ya biya shi haƙƙin naƙasa. Sai dai wannan gata na wanda aka rubuta sunansa ne. Yaranmu nawa aka rubuta? Tun Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi sefa dubu 52 ne. Nawa cikin masu tsayuwa gaban injinan unguwarmu ke karɓar ko rabinsa?

Za a ce mu baƙi ne, kada mu ta da ƙura. Kakanninmu fatake sun bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, sun yada zango a Jugu da Paraku tun kafin Faransawa su zo. Wanda ya yi wannan daɗewa ba ya neman izini kafin ya kare ɗansa. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawa daga masu injinan nan namu ne, sahu ɗaya muke tsayuwa da su a masallaci.

Don haka ga abin da muke nema. Kowane bel a yi masa murfin ƙarfe, aikin yini ɗaya ne wurin mai walda. Inji ya toshe, a kashe shi kafin a taɓa, a kuma tura hatsi da itace. Ƙananan yara su bar ɗakin niƙa. In tsautsayi ya auku, a danne raunin da ƙyalle mai tsabta, kada a zuba baƙin mai ko toka. Yatsan da ya cire a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan laima, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a ruga babban asibitin Paraku ko na Jugu ba tare da jinkiri ba.

Sarkin Zango da limamanmu, muna roƙonku ku kira masu injina ku zauna da su kafin kaka ta shigo, lokacin da niƙa ke yawaita. Mu kuma masu kai niƙa, duk injin da muka ga bel ɗinsa a buɗe ko yaro ƙarami a bakinsa, mu ɗauki kwaryarmu mu wuce gaba.