Amonait Ba Ta Halaka Don Rauni Ba

Wani marubuci ya yi da'awar cewa amonait, dabbar tekun nan mai naɗaɗɗen ƙoƙo kamar ƙahon rago, ta ƙare ne saboda naƙasar halittarta, notilus kuwa, wata dabbar teku mai kamannin ƙoƙonta, ta wanzu don ta fi ta inganci. Wannan ƙiyasi ne marar tushe.

Ta yaya za a jingina naƙasa ga zuriyar da ta bayyana kimanin shekaru miliyan 400 da suka shuɗe, ta ƙetare babbar halakar da ta auku shekaru miliyan 252 baya, wadda ta shafe galibin halittun teku, sa'an nan ta sake yaɗuwa har ƙoƙunanta suka cika duwatsun Ashaka a Gombe da na Damargu a Nijar, a zamanin da teku ya ratsa Sahara?

Abin da ya kawar da ita bala'i ne daga sama, wato dutsen da ya faɗa Yukatan ta Meziko shekaru miliyan 66 baya. Ra'ayin da ya rinjaya wurin masana shi ne, 'ya'yanta ƙanana ne ƙwarai, masu shawagi a saman ruwa inda abinci ya yanke, alhali notilus manyan ƙwai take ajiyewa a zurfi. Ina fifikon halitta a nan, in ban da bambancin mazauni?

Kuma marubucin ya ɗauki amonait da notilus 'yan ɗaki ɗaya don kamannin ƙoƙo, alhali amonait ta fi kusanci da oktofus, dabbar teku mai hannaye da yawa, a nasaba.