Filin Ƙarin Sani: Yadda Saƙo Yake Tafiya Cikin Waya

Manomi a Gidimuni yana aika hoton rakensa ga dillali a Damagaram. Kafin ya ajiye fartanya, amsa ta iso. Ta yaya saƙon ya tafi?

Wannan karatu ne da ɗalibai suke yi a jami'a, kamar ta Doso da aka kafa a 2014. Ga abin da ake koya musu.

Waya ba ta aika hoto a dunƙule. Tana rarraba shi, kamar kayan lambu cikin buhuna. Kowane buhu da lambarsa da adireshin mai karɓa. Wani ya bi wannan hanya, wani ya bi waccan. In sun isa, sai a jera su bisa lamba. In ɗaya ya ɓata, a sake aiko shi. Sunan wannan ƙa'ida TCP/IP. A Amurka aka kama aiki da ita a 1983. Yau ita intanet take bi a duk duniya.

Ranar da rezo ya yanke, dillali raken wani zai saya. Mai gyaran rezo kuwa daga lakkol yake fitowa. Manoma da makiyaya, a bar yara, maza da mata, su yi nisa a karatu.