Mai tsare gida ba matsoraci ba ne, wasan ne ya sauƙaƙa mashi

Akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa a ɗakunan wasan PlayStation da fadodin samari, daga Maraɗi har Damagaram. Mutum ya riƙe ƙwallo tun farkon wasa, ya yi ta kai hari, abokin karawarshi ya tara ƴan wasa goma a bakin raga. Ana gab da tashi sai a jefa doguwar ƙwallo guda, mai gudu ya tsere, a ci. Nan take wanda anka ci ya ajiye manet yana cewa: "Wannan ai ba ƙwallo ba ce, tsoro ne."

Mu dai ba mu yarda tsoro ne ba. Amma shi ma mai ƙorafin yana da ƴar gaskiya, sai dai ba inda yake nunawa take ba.

Mu fara da fili na gaske. A 2010 Inter Milan ta Mourinho ta ci Barcelona 3 da 1 a gida, sannan ta je Camp Nou, anka kori Thiago Motta tun kafin hutun rabin lokaci. Da mutum goma sunka tsare, anka ci su 1 da nema, sunka wuce, sunka ɗauki kofin. Girka ta ɗauki kofin Turai a 2004 da irin wannan salon. Leicester ta 2016 ta bar ma manya ƙwallo, Kante na ƙwacewa, Mahrez na miƙawa, Vardy na gudu har ya ci 24. Mu nan ma, ranar da Mena ta ci Masar 1 da nema a Yamai a 2010, da ƙwallon Musa Maazu, Masar na riƙe da kofin Afirka uku a jere. Wa ya tsaya tambayar wanda ya fi riƙe ƙwallo? Dabara ita ce makamin wanda ba ya da ƙarfi, kuma ba abin kunya ba ce.

To ina matsalar? Matsalar farashi ce. A fili, tsaron gida yana da tsada ƙwarai. Ku tuna Maroko a Katar, 2022. Wasa biyar sunka yi kafin dab da na ƙarshe, ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarsu, ita ma ɗan wasansu ne ya ci gida a karawa da Kanada. Sun fidda Sifen, sun fidda Fotigal. Amma ranar da sunka haɗu da Faransa jiki ya riga ya karɓi bashinshi: Aguerd bai iya shiga ba, kyaftin Saiss ya fita tun farkon wasa, anka ci su 2 da nema. Wanda ke bin ƙwallo minti 90 ƙafarshi na nauyi, hankalinshi na rabuwa, kuma kuskure ɗaya ya isa.

A eFootball, wadda da muke kira PES, ko EA Sports FC, wadda ta gaji FIFA tun 2023, abin ba haka yake ba. Wasan duka bai wuce minti 10 ko 12 ba. Kai mutum ɗaya kake juyawa, sauran goman na'ura ke riƙe maka su. Ita ke daidaita layin baya, ita ke toshe hanya, sau da yawa ita ke tare harbi. Na'ura ba ta jin ihun ƴan kallo, ba ta ruɗewa, ba ta faɗa da gola. Ga alamar gajiya nan a allo tana raguwa, amma ba ta kai wahalar da ɗan Adam ke sha ba. Ke nan mai kai hari yana aiki da yatsunshi da kanshi, mai tsaro kuwa an yi mashi rabin aikin kyauta.

Haka ma harin ramuwar. Ku sake kallon ƙwallon da Beljiyam ta ci Japan a mintin ƙarshe a 2018. Courtois ya kama ya mirgina ma De Bruyne, shi ya ja ya ba Meunier, Lukaku ya bar ta ta wuce, Chadli ya zura. Mutum biyar, kowa ya yanke shawara daidai cikin ƴan daƙiƙoƙi, ɗaya ya kuskure shi ke nan. A wasan allo kuwa sau da yawa maɓalli guda ne da ɗan wasa mai lambar gudu sama da 90. Ga kuma namu ƙarin: in rezo ya yi rauni, mai son gajerun bugu goma shi ke shan wahala, mai doguwar ƙwallo ɗaya bai da asara. Shi ya sa masu buga wasa ta intanet a nan sunka fi karkata ga kwanton ɓauna. Ba halinsu ba ne, lissafi ne.

Kakanninmu sun san wannan tun a fagen kokowa. Ɗan kokowa na da damar jira har abokin karawa ya yi sake, amma in ya ƙi kamawa gaba ɗaya alƙali na ba shi gargaɗi, kuma gargaɗi na iya kada mutum. An bar ma haƙuri wurinshi, an kuma sa mashi kuɗi. Abin da muke so daga masu ƙera wasannin nan ke nan: kada su kashe tsaro, su sa mashi kuɗi. Ƙungiyar da ta daɗe ba ƙwallo ta gaji da gaske, layinta ya riƙa karyewa, doguwar ƙwallo ta riƙa ɓacewa kamar yadda take ɓacewa a fili.

Me ya sa abin ya dame mu? Domin ƙannenmu da yawa a allo suke fara koyon dabarun ƙwallo kafin su taka filin unguwa. Yaron da ya saba na'ura na rufe mashi baya, in ya shiga fili sai ka ga ya tsaya yana jiran wani ya yi. Bai san cewa tsaro magana ce tsakanin mutum huɗu ba: wa zai fita, wa zai rufe, wa zai duba baya. Masu horar da yara, wannan aikinku ne, allo ba zai koyar da shi ba.

Ku kuma ƴan'uwa masu riƙe ƙwallo, a daina zagi da jifa da manet, balle in an sa kuɗi a tsakani, nan zumunci ke lalacewa. In an toshe maka tsakiya, buɗe ta gefe. Kada ka tura ƴan bayanka na gefe biyu gaba lokaci guda. Ka bar ɗan tsakiya ɗaya a gida, ka kuma yi haƙuri da ƙwallo. Wanda ya bar ƙofarshi buɗe ya tafi kasuwa, ba akuyar maƙwabci zai fara tuhuma ba.

Ku fa, a fadarku wane ɓangare ya fi yawa, masu riƙewa ko masu jira? Muna saurarenku.