Hanyar Ruwa ta Dā da Ginin Zamani

Hausawa kan ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Haka tarihi yake, domin sau da yawa masu haƙa ne ke cin karo da shi. A Ile-Ife, wajen haƙa harsashin gida aka tono kawunan tagulla a 1938. A Birnin Kudu kuwa, duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude sun adana zanen shanu da Bernard Fagg ya nazarta a shekarun 1950.

Sai dai akwai gadon da ba a cika kula da shi ba, wato hanyoyin ruwa. A Rum, babbar magudanar Cloaca Maxima ta haura shekara 2,000. Magabatan ƙasar Hausa su ma suna da nasu tsari: indararo ya sauke ruwa daga soro, wuriya ta fitar da shi daga gida, kwata ta kai shi kududdufi, wato ramin da aka ɗebi ƙasar gini. A Kano, cike kududdufai da gini a kansu na daga cikin dalilan ambaliya a unguwanni.

Wannan darasi ne ga Birnin Kudu da Gwaram, inda gine-gine ke ƙaruwa. A damunar 2021, ruwa ya karya gada a Radabi ta ƙaramar hukumar Gwaram, mota ta afka ciki, aka yi asarar rayuka. Ambaliyar 2022 kuma ta rushe gidaje masu yawa a Jigawa. Ruwan da aka tare wa hanya, tilas ya nemi wata.

Saboda haka, ya kamata ɗan kwangilar da ya tono tsohuwar magudana ya dakata, a auna ta, a gano inda ta nufa. Wani zai ce jinkiri asarar kuɗi ne, amma jinkirin mako bai kai sake gina unguwa ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ma ta wajabta sanar da kayan tarihin da aka tono.

Malamin makaranta yana da rawar takawa. Ya tura ɗalibai wurin dattawa su rubuto sunayen kududdufai da kwaruruwan garinsu, da inda ruwa ke bi a dā. Ranar da dattawan suka kau, wannan rubutu ne zai zama taswirar magina.