Haɗa asusai wuri guda: sauƙin lissafi da batun rufin asiri

A ranar 30 ga watan Satumba na shekarar 2025, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, wato BCEAO, ya ƙaddamar da wani sabon tsari na biyan kuɗɗi nan take a birnin Dakar, wanda ake kira PI-SPI. Manufar tsarin ita ce kuɗɗi su riƙa wucewa ba tare da jinkiri ba tsakanin bankuna da ƙananan gidajen bada rance da kamfanonin kuɗɗin salula, a ƙasashe 8 masu amfani da sefa, har da Nijar. Tun kafin haka, a watan Janairu na 2024, bankin ya fito da wata ƙa'ida wadda ta amince da wata sabuwar sana'a, ita ce tattara bayanin asusan da mutum yake da su a gidajen kuɗɗi dabam-dabam, a nuna masa su wuri guda cikin salularsa. An ɗauki waɗannan matakai biyu nesa da Maraɗi, amma sun shafi ƴan kasuwar wannan birni ƙwarai, sabili da haka ya dace a duba amfaninsu da haɗarinsu tun da wuri.

Dukiyar da ke warwatse

A ɗauki misalin matsakaicin ɗan kasuwa mazaunin unguwar Zariya. Yana da ajiya a banki ɗaya ko biyu cikin gari. Yana da kuɗɗi a Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash, yana kuma aikawa da karɓa ta gidajen Nita ko Amana ko Al Izza. Tun da yake cinikinsa yana bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, ba wuya yana da asusun naira a wancan ƙetare. Bayan waɗannan akwai buhunan wake da riɗi a sito, da shanun da ya ba kiwo wajen Tibiri, da fegin noman rani a Jiratawa, da basusukan da yake bin abokan ciniki, waɗanda shaidarsu ɗan littafi ne ko amana kawai. Uwargidansa ma tana da nata zubin a ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin ajiyar da aka soma a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu daga nan zuwa ƙasashe masu yawa.

Irin wannan mutum yana da dalilai masu ƙarfi na son sanin jimillar abin da ya mallaka. Na farko zakka, wadda ba ta fita daidai sai an san abin da ya kai nisabi ya kuma shekara. Na biyu rance, domin banki ba ya bada bashi sai ya ga shiga da fitar kuɗɗin mai nema. Na uku gado: sau da yawa mai gida kan rasu, magada su san akwai dukiya amma su rasa inda take, domin lambobin sirri sun tafi da mai su. Manhajar da za ta jera asusai duka ta fitar da jimilla tana magance wani sashe na wannan wahala.

Amma rarraba dukiyar nan ba sakaci ba ne, dabara ce da wuya ta koyar. A watan Afrilu na 1984 Najeriya ta canja takardun naira ta kuma rufe iyakokinta, masu riƙe da naira a Maraɗi suka tafka hasara. A 1990 bankin BDRN ya durƙushe. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Bayan takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar ranar 30 ga Yuli na 2023, masu ajiya sun sha layi a ƙofar bankuna, ana ƙayyade musu abin da za su fitar, har aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024. Wanda ya ga waɗannan ba ya tara abin hannunsa wuri ɗaya, ba ya kuma son wani mutum guda ya san iyakarsa. Haɗa asusai ba ya tara kuɗɗin a gida ɗaya, amma yana tara labarinsu, kuma nan ne maganar take.

Yadda ake haɗawa

Hanyoyi biyu ne. Ta farko, mai asusu ya miƙa wa kamfanin manhaja sunan shigarsa da lambarsa ta sirri, kamfanin ya riƙa shiga asusun kamar shi ne mai shi, yana kwafo abin da ya gani. Wannan daidai yake da a ba mutum makullin sito don ya ƙirga buhuna: mai ƙirgawa yana iya ɗauka, wanda ya sace makullin daga hannunsa ma haka. Ta biyu, bankin da kansa ya buɗe wata ƙofa ta musamman, mai asusu ya bada izini a wurin bankinsa, kamfanin ya sami damar gani kawai, na wani ƙayyadadden lokaci, ba tare da ya san lambar sirri ba. Wannan hanya ce Tarayyar Turai ta sa a gaba da dokarta da ta soma aiki a watan Janairu na 2018, babban bankin Najeriya ma ya shimfiɗa ƙa'idodinta a 2021 da 2023.

Hanya ta biyu ta fi tsaro nesa ba kusa ba, amma ba ta kawar da damuwa duka ba. Ko da kamfani ba ya iya taɓa ko dala, yana ganin daga wa kuɗɗi suke zuwa, ga wa suke tafiya, a wace rana, har da na asibiti da na makaranta da na sadaki. Abin da ya faru a Amurka abin lura ne. A 2021 kamfanin Plaid, wanda yake haɗa asusan bankuna da manhajoji masu yawa, ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 58 don a kashe ƙarar da aka kai shi bisa zargin kwasar bayanai fiye da bukata, ko da yake bai amsa laifi ba. A 2017 ɓarayin intanet sun kutsa cikin na'urorin Equifax, gidan da ke tattara tarihin basusukan jama'a, suka kwashe bayanan mutane wajen miliyan 147. A watan Maris na 2024 kuma aka rufe Mint, ɗaya daga cikin sanannun manhajojin lissafin dukiya, aka nuna wa masu amfani da ita hanyar komawa wata manhajar. Kamfani yana iya rufewa ko a sayar da shi, bayanan da ya tara kuwa ba su mutuwa tare da shi.

Inda haɗarin yake a Maraɗi

A ƙasashen Turai abin da ake tsoro shi ne a saci kuɗɗi ko a dami mutum da talla. A kudancin jihar Maraɗi abin ya wuce nan. Shekaru ke nan garuruwan gundumomin Madarunfa da Gidan Runji, inda Jiratawa da Tibiri suke, suna fama da ƴan bindiga masu satar shanu da kama mutane don neman fansa. Sanin kowa ne masu wannan ta'asa ba su rasa masu tsegunta musu wanda yake da abin hannu, da ɗan gari akan ci gari. Salular da ke nuna jimillar dukiyar mutum a fuska ɗaya, in ta faɗa hannun da bai dace ba, ta yanke kuɗɗin fansa tun kafin a soma ciniki.

Ba sai gwanin na'ura daga wata ƙasa ya kutso ba. Mutane da yawa ba su karatun boko, sai su miƙa salula ga yaron shago ko wakilin kamfani ya danna musu lamba. Ana barin salula wurin masu caji da masu gyara. Ƴan damfara suna buga waya da sunan kamfani, su nemi a karanta musu lambar da ta shigo ta saƙo. In duk asusai sun rataya ga layin waya guda, wanda ya mallaki layin ya kama bakin zaren dukiyar gaba ɗaya. A wancan ƙetare kuma, lambar BVN da Najeriya ta fito da ita a watan Fabrairu na 2014 ta riga ta ɗaure duk asusan mutum da hoton yatsunsa, kuma a watan Disamba na 2023 babban bankin ƙasar ya tilasta haɗa asusai da wannan lamba ko da lambar ɗan ƙasa. Mai asusun naira ya sani bayaninsa yana ƙarƙashin dokar wata ƙasa, ba ta Nijar ba.

Abin da doka ta tanada

Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a watan Mayu na 2017, ta maye gurbinta da doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba na 2022. Hukumar HAPDP da ke Yamai ita ce mai kula da bin wannan doka. Dokar ta ba ɗan ƙasa ikon sanin abin da aka tara a kansa, da neman a gyara kuskure, da ƙin yarda a yi aiki da bayaninsa ta hanyar da bai amince ba. Akwai kuma dokar hukunta laifuffukan intanet ta watan Yuli na 2019. Sai dai hannun hukuma ba ya kai wa cikin sauƙi ga kamfanin da ba shi da ofishi a ƙasar, wanda aka sauke manhajarsa daga intanet aka danna amincewa da sharuɗɗan da aka rubuta da Faransanci ko Ingilishi.

Wajibi ne kuma a bambanta abubuwa biyu. Asusun lamunin ajiya na ƙasashen sefa yana biyan mai ajiya har miliyan 1 da jikka 400 in banki ya karye, da jikka 300 in ƙaramin gidan rance ne. Wannan lamuni na karyewar gidan kuɗɗi ne, bai shafi wanda ya bada lambarsa da hannunsa aka kwashe masa ajiya ba.

Abin da ya kamata

Mai son haɗa asusansa ya fara tambayar bankinsa ko ya san wannan kamfani, ko kuma babban banki ya amince da shi. Duk manhajar da ta nemi lambar sirrin banki, a bar ta. Izinin da za a bayar ya tsaya ga gani, ban da aikawa, kuma a san yadda ake janye shi. Babbar ajiya a ware ta da layin da ba a yawo da shi kasuwa ranar Litinin da Juma'a. Wanda bukatarsa lissafin zakka ne ko tsaron haƙƙin magada, littafi da alƙalami da amintattun shaidu biyu sun ishe shi, balle ma shanu da hatsi da gona ba su shiga manhaja, kuma su ne kaso mai yawa na dukiyar mutanen wannan jiha.

Hukumomi ma suna da nasu nauyin. Ya dace a wajabta wa bankuna da kamfanoni bayyana sharuɗɗansu da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a rubuce da kuma ta murya, a riƙa karanta sunayen kamfanonin da aka amince da su a gidajen rediyo, a kuma sami wurin kai kuka a Maraɗi ba sai an je Yamai ba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da masu unguwanni da malamai suna iya isar da gargaɗin inda jarida ba ta kai.

Sabon tsarin zai rage yawo da tsabar kuɗɗi a kan hanya, wannan kuwa riba ce babba. Amma mutanen Maraɗi sun daɗe suna roƙon Allah rufin asiri kafin su roƙi yawan dukiya, kuma tsarin da bai kiyaye wannan ba, da wuya alhazan birnin su miƙa masa amanarsu.